Ranar da Na Juya Kaski a Gazawa

Masu karatu, yau don Allah kada wanda ya ce mini in yi haƙuri. Haƙurin na sha shi daga bakin Inna, na sha daga bakin Gwaggo Kadi, har mai goro a tasha ya ba ni nasa kyauta. Ku dai ku saurara in amayar da abin da ke cina, in ya so daga baya kowa ya yanke mini hukuncin da ya ga dama.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rufaida, 'yar Agiye. Babana ya rasu ina aji uku a lakol, makarantar boko, tun daga nan Kawu Sale, wan Inna, ya riƙe mu, shi ya sa maganar aurena take hannunsa. Kawu ɗan kasuwar aya ne. Abin da ba a zuba shi a buhu a ɗora kan sikeli, a wurinsa ba sana'a ba ne.

Wanda nake so kuwa sunansa Abdulmumini. A rubuce kawai nake iya gaya muku. Shekara biyu yana zuwa zance gidanmu, bakina bai taɓa furta sunan nan ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Haka muka tashi muka ga ana yi, Inna har gobe in za ta ambaci Baba sai ta ce mai gidan nan. Ni Zomo nake ce masa, saboda kunnensa. Yana zaune a zaure zai gane takun silifas ɗina daga na ƙanwata tun muna tsakar gida. Ya taɓa gaya mini taɓaryar gidanmu ta tsage, muka yi masa dariya, bayan kwana huɗu ta rabe biyu a hannun Inna.

Sana'arsa haɗa kiɗa a kwamfuta. Akwai wani ɗan ɗaki a gidan babansa, ya lulluɓe bangon da kwalayen ƙwai da tsohuwar katifa, nan mawaƙa ke zuwa daga Gangara da ƙauyukan gefe ya ɗauki muryarsu. Ranar da manyansa suka zo gaisuwa, Kawu bai kore su ba, amma ya kafa sharaɗi.

"Ni ban ƙi yaron ba," in ji shi. "Amma kahin ruwan hwarko ya sauka ina son in shiga ɗakin nan da ƙahwata, in ga aiki na tahiya, in ga mutane na shiga na hita. In ban gani ba, ko ya zo runhwata ya kama sikeli, ko kowa ya kama gabansa."

Abu biyu suka rage wa ɗakin. Na farko kaski, abin nan da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa biyu. Na biyu ampili, ɗan akwatin da ke ba kaskin ƙarfi. Da abin kunnen waya yake ta fama, sai ya gama waƙa ya ji ta daidai, in an sa ta a rediyo muryar mawaƙin ta nutse cikin ganga. Mawaƙa biyu sun bar shi sun koma Maraɗi saboda haka.

Sai ga zaɓe. Sojoji sun ce za su miƙa mulki, gari ya rikice da tutoci da huluna, kowane ɗan takara yana son motar kiɗa. Aka ɗauki Zomo ya riƙe na'ura a bayan wani kamyo, babbar mota mai buɗaɗɗen baya. Mako uku yana zaune a wuri guda, kafaɗarsa ta hagu jingine da lasifika mai tsawon ƙofar ɗaki, daga Agiye zuwa Gazawa, daga Gangara har Sae Sabuwa, safe zuwa magariba. In sun wuce ta layinmu kwanukan Inna har rawa suke a kan kanta, ni kuwa ina leƙe ta katanga ina jin daɗi, wai saurayina ne ke girgiza gari.

Bayan ya dawo na ga canji, amma na yi masa mummunar fahimta. Ya daina zama inda ya saba a kan tabarma, ya koma ɗaya gefen. Waya ta koma kunnen dama. In na yi magana sau ɗaya sai ya ce "Mi?" Ni da zuciyata kamar ta kuturu, na ɗauka girman kai ne, ya sha hannu da manya ya fara ji da kansa. Wata la'asar har na ce masa, "In maganata ta zama hayaniya gare ka, sai ka gaya mini in daina." Ya yi murmushi kawai ya ce gajiya ce. Wallahi duk lokacin da na tuna maganar nan sai in ji kamar in ciji harshena.

Ana haka saƙonsa ya shigo, ina tsintar shinkafa:

"Gimbiya, Baba Gado ya samo kaya daga Lome. Kaski uku, ampili biyu. Ran kasuwar Gazawa ki lallaɓa Gwaggo ki biyo ta. Ke za ki zaɓa da ni, kunne huɗu ya fi biyu."

Gwaggo Kadi ƙanwar Baba ce, duk mako tana kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Gazawa. Ban sha wuyar lallashinta ba, na dai yi alkawarin ɗaukar mata jarka. Na sa atamfata mai ganyen shuɗi wadda na ɗinka da sallah, na yafa farin mayafi, na zizara kwalli, har da turaren da nake ɓoyewa a ƙasan akwati. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Jarkar mai za ki ɗauka ko buki za ki?"

"Inna, kasuwa ai idon mutane ce."

"Idon mutum guda dai. Ki dawo kahin la'asar."

Shagon Gado yana bayan 'yan hatsi. Dattijo ne mai gyaran rediyo, tabaransa ɗaure da zare, abokin baban Zomo tun suna samari, kuma shi ya fara koya wa Zomo riƙon waya da dalma. Ba kuran ranar, an ɗauke wuta, ɗan gurup ɗinsa mai ba da wuta ne ke ta tari a bayan shago. Ya shimfiɗa farin buhu a kan teburi ya jera kaskin uku a kai, ya goge hannunsa kafin ya taɓa su.

Idona ya faɗa kan ja. Sheƙi yake, ga laushi, da na ɗora shi sai na ji ganga har cikin ƙirjina.

"Wannan!" na ce.

Gado ya yi dariya. "Ɗiyata, wanga maƙaryaci ne. Ƙara ma ganga nauyi yake, ya shafe aibin waƙa. Na mai jin daɗi ne a kan babur. Mai aiki in ya biye mishi, sai waƙa ta hita gari sannan ya ji kunya."

Na biyu yana da raga a bayansa kamar rariya. Ya ce sautinsa a buɗe yake, ba ya gajiyar da kai, amma yoyo gare shi: in mawaƙi ya sa shi yana rera waƙa, kiɗan zai zubo ya koma cikin makirufo. Kuma ba ya tare hayaniyar waje.

"Ɗakin nan naku, jakin maƙwabta na nan?" ya tambayi Zomo.

"Yana nan, Baba. Ya ƙara da ɗa."

"To wanga sai Turai."

Na ukun baƙi ne, mummuna, fatarsa ta fara ɓarewa, wayarsa a nannaɗe tana saukowa daga gefen hagu. Ni da a hanya na gan shi ba zan duƙa ba. Gado ya ɗauke shi da hannu biyu. Ya ce wannan a rufe yake ruf, ba ya yoyo, ba ya ƙari ba ya ragi, abin da ke cikin waƙa shi zai gaya maka ko da ba ka so. Aibinsa guda, yana da cin ƙarfi, kwamfuta kaɗai ba ta iya ciyar da shi, dole sai da ampili. Ya nuna guda biyun: wani ƙato mai fitilu irin na gidan biki, da wani ƙarami wanda bai fi sabulun wanki biyu ba.

"Ƙaramin shi ne abokinshi," in ji Gado. "Babban na lasihika ne, na taro. Kada girma ya ruɗe ka."

Zomo ya buɗe kwamfutarsa, ya dube ni ta gefen ido, na san abin da zai sa. Bara, ina ɓarar gyaɗa a zaure ina 'yar waƙata ban san yana ɗauka ba, ya naɗe muryata a waya. Ya je ya wanke ta, ya sa mata gurmi. Gurmin ya ajiye shi a kunnen dama, muryata a kunnen hagu, wai saitin zuciya. Ba wanda ya taɓa jin waƙar nan sai mu biyu. Da Kawu ya san da ita, da tuni an gama magana.

Ya ɗora baƙin kaskin, ya lumshe ido. Ina kallon fuskarsa ina jiran murmushin. Sai na ga ya haɗe gira.

"Baba, hagun ba ya yi."

Gado ya duba waya, ya zare ya mayar. "Sake ji."

"Gurmi na nan tas. Muryar ce can ƙasa, kamar daga rijiya."

Aka sa jan. Ya ce haka. Aka sa mai raga. Ya ce duk tafiyarsu ɗaya, kayan gwanjo ne, wataƙila ruwan teku ya taɓa su. Gado ya canza waya, ya canza ramin da ake soka ta, ya hura, ya goge. Sannan ya miƙo mini baƙin ba tare da ya dube ni ba.

Masu karatu, ban taɓa jin kaina haka ba. Ga muryata a kunnen hagu, kusa, har numfashin da nake ja tsakanin baiti, har ƙarar ɓawon gyaɗa a yatsuna, har kazar Inna da ta yi kuka a bayana. Komai yana nan, ba abin da ya ɓace. Na buɗe baki in ce ai lafiyarsa lau, sai idona ya haɗu da na Gado. Ya girgiza kai kaɗan, kaɗan ƙwarai. Na haɗiye maganata.

"Kin ji ko?" in ji Zomo. "Ba ki hita sosai."

Na ce, "Uhm."

Ya karɓi kaskin ya ɗora, ya murɗa ƙaramin ampilin har ƙarshe. Daga inda nake tsaye ina jin muryata tana tsiyayowa daga kaskin da aka ce ba ya yoyo, shi kuwa yana ƙara danna shi a kunne.

"Ƙarhi ne bai isa ba," ya ce. "Ƙaramin nan wasa ne. Baba, ajiye mini babban, ko ka sa a kawo wanda ya hi shi. Mai kamyo ya kira ni jiya, zagaye na biyu na zaɓe za a shiga, kwana goma a ƙasar Gidan Rumji. In na dawo sai in ɗauka gaba ɗaya."

Aka kira azahar. Ya ɗauki buta ya fita. Gwaggo tana can bakin rumfarta, shagon ya rage daga ni sai Gado. Ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ɗiyata, a aikinmu in aka ce gehe guda ya yi shiru, ba mu buɗe komi tukuna. Juya kaskin muke, na hagu ya koma dama. In shirun ya bi kaskin ya ƙaura, laihin kaya ne. In ya tsaya inda yake…" Bai ƙarasa ba.

"To mi ya hana ka juyawa, Baba?"

"Shi ma ya san wanga, ni na koya mishi. Kin ga ya juya?" Ya mayar da tabaran. "A hannuna ya girma. Bakina ba ya iyawa."

Na zauna a kan wani mataccen talabijin. Lissafin a fili yake. In na yi shiru, zai koma bayan kamyon nan kwana goma, ya kai musu kunnen da ya rage. In na yi magana, na kashe masa abin da ya fi so a duniya, da hannuna, ga sharaɗin Kawu yana jiranmu. Na ji haushin Gado da ya ɗora mini, na ji haushin 'yan takara da ko sunansa ba su sani ba, na fi jin haushin kaina da nake leƙe ta katanga ina murna.

Zomo ya dawo da ruwan alwala a gemunsa, yana fara'a. Ya zauna zai ɗauki kaskin, na riga shi.

"Kawo in sa maka. Wataƙila ba ka daidaita shi ba ne."

Ya yi dariya. "Yau kuma? Gwaggo na kusa hwa."

Ban taɓa kai hannuna kusa da kansa ba sai ranar. Na tsaya a bayansa, na juya kaskin, na ɗora. Gado ya juya mana baya yana neman abin da bai ɓata ba a cikin kwali. Na danna waƙar.

Fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Ga ki nan!" ya ce da ƙarfi. "Gimbiya, ga ki nan! Har kazar! Mi kika taɓa? Baba, ya gyaru, hannunta na da…"

Ya tsaya. Na ga yana neman gurmin. Ya karkata kai, ya ƙara saurare. Sannan a hankali ya ɗaga hannu ya shafa kafaɗarsa ta hagu, inda wayar ta saba sauka, bai same ta ba. Ya shafa ta dama, yatsunsa suka kama ta.

Bai cire kaskin ba har waƙar ta ƙare, minti uku da wani abu, ina tsaye a bayansa hawaye na ɗiga a kan farin mayafina, kwallin duk ya ɓata shi. Da ta ƙare ya sauke shi, ya naɗe wayar yadda ya same ta, ya ajiye a kan buhun.

"Kayanka lahiya lau suke, Baba," ya ce. "Ka yahe ni, na ɓata musu suna."

A taksin komawa Gwaggo ce kaɗai ke magana, man gyaɗa ya yi kasuwa, wata ta yi mata rowar canji. Shi yana gaba, ni ina baya. Da muka sauka a Agiye ya karɓi jarkar daga hannuna, ya juyo mini da gefen damansa, yanzu na gane dalili.

"Kada Kawu ya ji."

"Ka tahi likita Maraɗi. Gobe. Don Allah."

"Za ni."

"Yaushe?"

Ya miƙa wa Gwaggo jarkarta ya wuce.

Abin da ya ƙara karya ni, a gida na tarar da Kawu a tsakar gida yana shan fura, cikin raha, abin da ba kullum ba. Ya ce ya ji an ce yaron ya yi aiki tsakani da Allah a kamfe, ba a taɓa kama shi da wasa ba. Ya ce wa Inna ta fara duba 'yan kwanukan aure, kada ruwa ya sauka a shiga gaggawa. Sannan ya juyo gare ni.

"An samo abin kunnen?"

"An gani, Kawu."

"Madalla. Ki ce mishi ina nan tahe."

Na shige ɗaki na kifa fuskata a filo don kada Inna ta ji.

Kwana biyu ina tura saƙo. Na rubuta masa cewa na yarda ya kama sikelin Kawu, ni ba ɗaki zan aura ba. Na rubuta cewa zan zama kunnensa na hagu, in zauna kusa da shi in gaya masa abin da ke wancan gefen. Na rubuta na goge, na rubuta na tura, har kuɗin wayata suka ƙare na ari ta Gwaggo. Amsa ɗaya ya ba ni:

"In na zauna ina auna aya, wa kika aura? Ba Zomo ba."

Na yi fushi, na rubuta masa cewa zomo mai kunne ɗaya ya fi zomon da ba shi da ko ɗaya. Bai amsa ba. Na yi nadamar turawa, amma ta riga ta tafi.

Rana ta uku da hantsi ina wanke-wanke wayar ta yi ƙara. Da hannun kumfa na ɗauka.

"Gimbiya, muna tasha, yanzu za mu tashi Gidan Rumji. Kada ki damu, na yi dabara. Inda na saba zan zauna, kunnen da ya mutu shi zan ba lasifika, ba abin da zai ƙara rasawa. Na dama na toshe shi da auduga. Kwana goma ne. In na dawo, likita da kaski da Kawu, duka."

Ban san lokacin da na fita ba. Zanen wanke-wanke ne a jikina, hijabin Inna na fizga daga igiya, silifas ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Inna tana kira, ban waiwaya ba. Auduga! Abin da ke girgiza kwanuka a cikin ɗaki daga kan titi, shi za a tare da auduga?

Tasha cike take, 'yan taksi, masu tuya, masu lodin buhuna. Kamyon yana bakin hanya an lulluɓe shi da tutoci, injin yana aiki, ba a kunna kiɗa ba tukuna. Ga shi can sama a inda ya ce, kafaɗarsa jingine da lasifika, ya sunkuya yana haɗa wayoyi. Ta gefen hagunsa na fito. Tsakanina da shi bai fi taku goma ba, amma buhuna da mutane sun tare ni.

"Zomo!" na kira. Bai motsa ba.

"Zomo!"

Direba ya sa giya. Sai na ji abin ya taso mini tun daga ciki, sunan da na ɓoye shekara biyu, wanda na yi niyyar ko bayan aure ba zan faɗa ba. Na buɗe murya iya ƙarfina, a tsakiyar tashar Agiye, da rana tsaka.

"Abdulmumini!"

Masu tuya suka juyo. 'Yan taksi suka juyo. Mai goro ya tsaya da wuƙa a hannu. Wata tsohuwa ta kama baki. Duk wanda ke tashar nan ya ji ni, har direban ya leƙo ta taga. Mutum ɗaya ne bai ɗago ba, yana can yana murɗa wayarsa a hankali, da kulawa, yadda yake yin komai. Kamyon ya hau kwalta ya miƙa yamma.

Ina tsaye ina haki na ji an dafa kafaɗata. Kawu Sale ne, ashe buhunan da suka tare ni nasa ne ake lodi. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, ga ɗiyarsa ba shigar kirki tana kiran sunan saurayi a bainar jama'a. Bai yi faɗa ba. Idonsa yana kan kamyon, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Rufaida, tun yaushe yaron nan ba ya ji?"

Kafin in buɗe baki, can a kan hanya, aka kunna lasifikar.